Kunyar Sista Yelwa

A wani gari da ke gefen hanyar Zango zuwa Babban Mutum, in uwa tana so ta yi wa 'yarta faɗan rawar kai, ba ta wahalar da bakinta. Cewa kawai take yi, "Je ki asibiti ki ga Sista Yelwa." Ba don a yi wa yarinyar allura ba, a'a, don ta ga yadda ake kunya. Shekara da shekaru ana wannan aike. Yelwa ta san ana yi, tana kuma jin daɗin abin a ranta, ko da yake in an faɗa a gabanta sai ta sunkuyar da kai, abin da ke ƙara mata daraja a idon masu faɗar.

'Yar makiyaya ce. Lokacin da dagaci ya matsa wa mahaifinta lallai ya ba da yaro ɗaya a sa a boko, tsohon ya dubi 'ya'yansa, ya ga mazan duk suna da amfani a wurin shanu, sai ya miƙa Yelwa. Asarar da ya zaɓa ke nan, ita ce kuma ta zama nas ta farko a duk zuriyarsu. Boko ya canza mata tufafi da rubutu, amma bai taɓa kunyar gidansu ba. Da ta yi aure ta haifi ɗan fari, Jafaru, ana yaye shi aka kai wa kakarsa, Inna, kamar yadda aka saba. Tun daga ranar suna Yelwa ba ta taɓa kama sunansa ba. In ya zama dole ta ce "wannan", in ta so sakin jiki ta ce "yaron Inna". Har marasa lafiya masu suna irin nasa sun shiga uku da ita, don sai dai ka ji tana kiran "malam mai tari" ko "mai farar hula". Shi kuwa yaron ya tashi yana ce mata Adda, kamar wata yayarsa da ke aikin gwamnati.

Akwai abu guda da ya kamata ta gaya masa. Yana ɗan ƙarami ƙurji ya fito masa a wuya, aka yi masa allurar fenisilin. Kafin a mayar da sirinji cikin kwano leɓunansa sun kumbura, numfashi ya ƙi fita, da ƙyar aka ceto shi. Su biyu suka shaida abin, ita da Inna. Inna ta ce iska ce ta bi ta kansa, kuma a kan wannan ra'ayi ta koma ga Allah. Yelwa ta san ba iska ba ce, jikinsa ne ba ya karɓar wannan allura, in aka sake kuma sai abin da Allah ya yi. To amma ta zaunar da ɗan fari ta ce masa "ka kula da kanka"? Ai wannan nuna so ne a fili. Ta ajiye maganar sai ranar da ta samu hanya, hanyar kuwa ba ta samu ba har yaro ya yi gemu, ya zama dillalin shanu a kasuwar Mai'aduwa.

A wurin aiki kam Yelwa ba ta san wata kunya ba. Ƙaramin asibiti ne, gadajensa ba su da yawa, amma in tana bakin aiki har masu sayar da ƙosai a bakin ƙofa suna rage murya. Ana nan aka turo musu sabon shugaba, wani saurayi daga cikin birnin Daura mai suna Mansur. Jami'in lafiya ne, ba likita ba, amma tun ranar farko gari ya naɗa masa Likita, shi kuma bai yi gardama ba. Takardarsa ta fi ta Yelwa, hannunsa kuwa bai kai nata ba, kuma Allah ya yi shi mai jin magana. Ita ta koya masa neman jijiya a hannun jariri. Kowace safiya sukan bi gado-gado tare, ta faɗi abin da ta gani, ya faɗi abin da ya rubuta, su yi musu in akwai na yi.

"Kai Mansur, wa ya koya maka wannan ɗauri? Kwance ka sake."

"To, Sista."

"Tsohuwar can ba ta yi fitsari ba tun jiya, ka sani?"

"Yanzu na sani, Sista."

Da wannan 'yar hayaniya asibitin ya yi suna, har daga ƙauyukan Nijar ake tsallako iyaka da marasa lafiya a kan amalanke. Yelwa ta yaba da hankalin yaron ƙwarai. Saboda haka da ya aiko manya neman auren 'yarta Raihana, ba ta ja zance ba. Aka ɗaura aure, aka ci shinkafa, kowa ya ce abu ya yi kyau. Babu wanda ya lura cewa a ranar ne asibitin ya rasa bakinsa.

Litinin ɗin da ta biyo baya suka yi kiciɓis a baranda. Mansur ya zube ƙasa yana kallon takalminsa, Yelwa ta ja mayafi ta juya wa bango fuska, suka gaisa da muryar da ko su kansu ba su ji ba. Suruki da suruka ke nan. Ita ba ta kama sunansa, shi ba ya ɗaga ido ya dube ta, balle musu a kan ɗaurin ciwo. Zagayen safe ya koma kowa ya yi nasa, in ɗaya ya shiga ɗaki ɗaya ya tuna yana da aiki a wani.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a sai sauƙi ya zo musu daga inda ba su zata ba. Kwamitin asibitin, ƙarƙashin wani attajiri Alhaji Sada, ya ga kowa yana nuna himma, ya rasa tasa. Babu hukumar da ta aiko musu da umarni, su da kansu suka yanke a raba asibitin biyu da katangar katako, maza a gabas, mata a yamma, ma'aikata ma haka. Aka bar 'yar ƙofa a tsakiya aka rataya mata labule, aka ce ba a ɗaga shi sai da lalura. Kayan aiki ma aka raba su kamar gado. Na'urar awon jini ta faɗa wa maza, akwatin allurar gaggawa ya faɗa wa mata, wai saboda masu haihuwa. Ranar da kafinta ya buga ƙusa ta ƙarshe, mutum biyu ne suka fi kowa godiya ga Allah, kuma ba 'yan kwamiti ba ne.

Daga nan magana ta samu sabuwar hanya. Yelwa ta gaya wa Laraba, dattijuwar da ke share ɓangaren mata. Laraba ta je tagar ɗakin magani, wanda ke da taga ta kowane gefe, ta gaya wa Dabo mai ba da magani. Dabo, in layi ya ragu, ya leƙa ya gaya wa Likita. Dukansu mutanen kirki ne masu ladabi, kuma ladabin ne matsalar. Laraba ba za ta iya ɗaukar magana mai kaifi daga suruka zuwa suruki ba, sai ta ɗan goge mata baki. Dabo ba zai ba shugabansa umarni ba, sai ya ƙara gogewa. Kafin saƙo ya isa ya zama gaisuwa.

An ɗan samu abubuwa, ba a ce ba a samu ba. Wata mai ciki da jininta ya hau ta yini tana jiran a aro na'urar awo daga gabas. Wani tsoho da aka kwantar ya sha maganin safe sau biyu, ya yi barcin da sai da aka kira limami ya duba. Wata yarinya da ya kamata a wuce da ita Daura tun hantsi ba ta tafi ba sai la'asar, don kowane ɓangare yana jiran ɗayan ya kira direba. Duk aka ce ƙaddara ce, ƙaddara kuwa ba ta taɓa musa laifin da aka ɗora mata ba. Abin da gari ya gani shi ne suruki da suruka suna aiki a rufi ɗaya shekara da shekaru ba a taɓa ganin sun haɗa ido ba. Har a wa'azin Juma'a an kawo misalinsu. Yelwa takan ji wani abu yana sukar ta in ta kwanta, don ta san aikinta, ta san kuma ba haka suke yi da ba. Amma yabo yana da daɗi, kuma shi ba ya sukar mutum.

Wata ranar Alhamis da hantsi, bayan an yi girbin gero, ɗan acaɓa ya sauke wani mutum a bakin asibiti yana ɗingishi. Yelwa tana tsaye a taga. Kallo ɗaya ta yi masa ta mayar da idonta kan audugar da take yankawa. Jafaru ne. Wani bijimi ya soke shi a ƙwauri a kasuwa tun makon jiya, ya yi ta shafa man shanu da toka, yanzu ƙafar ta kumbura tana ruwa.

Laraba ta shigo da sauri. "Sista, ɗanki ne fa aka kawo!"

"Marasa lafiya duk ɗaya ne, Laraba."

Bakinta ne kawai ya faɗi haka. Ta san irin wannan ciwo, ta kuma san allurar da Mansur ke bayarwa a kansa, don ita ta koya masa. Tsakaninta da shi taku kaɗan ne da labule ɗaya. Sai dai a bayan labulen nan akwai mutum biyu da duk duniya ba ta da waɗanda take jin nauyi kamarsu, kuma maganar ta ɗayan ce, za a gaya wa ɗayan. Ta ajiye almakashi ta jawo Laraba gefe.

"Je ki ce wa Dabo ya gaya wa maigidan yarinyar nan, mai ƙafar nan kar a yi masa fenisilin. Jikinsa ba ya karɓa. Kin ji? Kar a yi."

Laraba ta tafi tana juya maganar. "Kar a yi" daga bakin suruka zuwa ga Likita guda, a gaban jama'a? Ta ga abin ya yi tsauri. Da ta isa taga sai ta ce, "Malam Dabo, Sista ta ce don Allah a duba maganar allurar ɗan nan nata da kyau, jikinsa ba ya son wasa." Dabo yana ƙirga wa wata mata ƙwayoyi, ya ce to. Da ya sallami layi ya leƙa ɗakin Likita ya yi murmushi.

"Ranka ya daɗe, daga yamma an aiko. An ce ga amanar yayan uwargidanka nan, a kula da allurarsa."

Mansur ya sunkuyar da kai kamar tana tsaye a gabansa. Wani daɗi ya kama shi, yau surukarsa ta nemi alfarma a wurinsa. Tambayar me take nufi kuwa bai ko zo masa a rai ba, ai ba a tambayar suruka ƙarin bayani. Ya ce a gaya mata an ji, an gode, da hannunsa zai yi. Ya wanke ciwon da kansa, ya tambayi Jafaru ko allura ta taɓa ba shi matsala. Jafaru ya yi dariya ya ce shi rabonsa da allura tun bai san kansa ba, kuma gaskiya ya faɗa. Don girmamawa Mansur bai taɓa kwalin da ake yi wa kowa ba, ya buɗe durowa ya ɗauko sabuwar fenisilin mai kyau da yake ɓoye wa manyan baƙi.

Amsa ta dawo wa Yelwa ta hanyar da saƙon ya bi. "An ce an ji, an gode, da hannunsa zai yi."

"Zai yi me?"

Laraba ta yi tsuru-tsuru. "Zai kula da shi mana."

Nan Yelwa ta gane saƙonta bai isa ba. Ta nufi labulen, ta kai hannu, sai ta jiyo muryar Alhaji Sada a ɗaya gefen, ya zo awon jini yana ba da labarin Umara. Hannun ya dawo da kansa. Ta koma ta ce wa Laraba ta sake zuwa wurin Dabo, ta faɗi sunan allurar ƙarara. Laraba ta je ta tarar layi ya dawo, ta tsaya tana jiran ya ɗago. Yelwa na tsaye a tsakiyar ɗaki, mace mai furfura da ta karɓi haihuwar rabin garin, ta kasa tsallake yadi biyu na atamfa. Abin dariya ne, kuma abin takaici ne, don duk wannan lokacin ran ɗanta ake magana.

Sai ta ji tari. Ba tarin mura ba, wani siririn tari mai fito, irin na wanda aka shaƙe. Sau ɗaya ta taɓa jin sa a rayuwarta, kuma ba ta manta ba.

Ba ta san lokacin da ta fizgi akwatin gaggawa ba. Ta bangaje labulen har sandarsa ta faɗo, mayafinta ya maƙale a ƙusa ta bar shi a nan. Maza suka daskare, Alhaji Sada da hannu ɗaya a cikin na'ura. Jafaru na kan benci, fuska ta kumbura, ido ya firfito, yana yaƙushin wuyansa. Mansur na tsaye a kansa da sirinji, yana kiran Dabo ya je yamma ya roƙo akwati.

"Mansur! Fenisilin ka yi masa?"

"Ita ce, Sista."

"Jikinsa ba ya karɓa! Kwantar da shi, ɗaga ƙafafun. Ga allurar adiranalin, a cinya!"

"A cinya. Na yi. Ki riƙe kansa, zan nemi jijiya."

"Ta hagu ta fi fitowa. Dabo, ruwan ƙari, ka bar layin nan!"

Ido cikin ido suke magana, gajeru-gajeru, kowa yana maimaita abin da ɗaya ya ce, kamar shekarun nan ba su wuce ba. Amma idon Jafaru ya fara juyewa. Yelwa ta rungumo kansa a ƙirjinta, a gaban kwamiti da masu jiran layi da duk wanda ya leƙo ta taga, ta ƙwala kira da muryar da har masu ƙosai suka ji.

"Jafaru! Jafaru, dube ni! Ɗana, yi numfashi!"

Aka ƙara masa allura ta biyu. Can fiton ya fara sassautawa, ƙirji ya ɗaga ya sauka, ya sake ɗagawa. Mansur ya zauna a ƙasa daɓas yana share gumi. Da ya ɗago ya ga wadda yake kallo, sai ya yi sauri zai sunkuya.

"Ɗago kanka," in ji Yelwa. "Wannan sunkuyon ne ya kusa kashe shi, nawa da naka. Gobe da safe gado-gado za mu bi."

"To, Sista."

Kafin magariba labari ya gama gari, kuma kowa ya san wane ɓangarensa ne ya fi daɗin bayarwa. Ba a cika tsayawa kan cewa mutum ya kusa mutuwa ya tashi ba, wannan ai ikon Allah ne. Abin da aka tattauna a bakin rijiya shi ne Sista Yelwa ta faɗa cikin maza kai babu mayafi, ta kama sunan suruki, ta kama sunan ɗan fari har sau biyu, wasu suka ce sau bakwai. Wata tsohuwa ta ce ita da ma ta san boko ba ya ƙarewa lafiya. Kwamiti ya zauna a kan labulen. Alhaji Sada, wanda ya gani da idonsa kuma yana da hawan jini, ya ce a ganinsa wannan lalura ce, kuma lalura ba ta sallama kafin ta zo, don haka a bar ƙofar a buɗe. Iyaye mata dai suka daina aiko 'ya'yansu kallon kunya. Yelwa ta ji zafin wannan, ba za a ɓoye ba, don mutum ba ya rabuwa da abin da aka san shi da shi cikin sauƙi. Amma zagayen safe ya dawo, da musunsa da "kwance ka sake", kuma tsofaffi suka koma shan maganin safe sau ɗaya.

Jafaru ya kwana biyu a gado kafin a sallame shi. Ranar tafiya ya dogara sanda ya zo bakin ƙofar da babu labule, ya tarar da ita tana yankan auduga, Laraba na shara a gefe. Yelwa ba ta ɗago ba. Ta gaya masa sunan allurar, ta sa ya maimaita har ya zauna masa, ta ce duk asibitin da ya shiga ya faɗe shi kafin ya faɗi abin da ke damunsa. Ya ce to. Bai tafi ba.

"Adda, ashe kin san sunana."

"Ni na ga an yanka ragon."

"Lokacin nan na yi nisa, komai ya yi duhu. Sai na ji ana kira da wata murya da na sani, amma ban taɓa jin ta da wannan kiran ba. Shi ne na ce bari in dawo in ga ko wace ce." Ya yi 'yar dariya, ya dubi ƙasa. "Ki sake faɗa mana, ko sau ɗaya, ina cikin hayyacina."

Yelwa ta sha mur. "Wanda ka samu ya ishe ka har tsufa. Ɗan acaɓa na jiran ka."

Ya ɗan tsaya, ya gyaɗa kai, ya juya yana ɗingishi, ƙaton mutum mai gemu da 'ya'ya a gida. Ta bi shi da kallo ta taga har ya kai bakin ƙofa. Almakashin ya tsaya a hannunta, ta ce a hankali, ita da audugarta, "Allah ya tsare mini kai, Jafaru."

Laraba ta jingine tsintsiya. Babu wanda ya aike ta. Ta fita da gudunta na tsufa, ta cim masa yana ƙoƙarin hawa babur, ta gaya masa abin da uwarsa ta ce, kuma wannan karon ba ta rage ko kalma ɗaya ba.